Waya Ɗaya, Ƙasa Biyu: Yadda Matasan Bagudo Ke Farautar Sabis a Bakin Boda

Idan ka taɓa yin dogon hira a WhatsApp da wani ɗan yankin Tsamiya ko Lolo, to ka san wannan halin: kuna cikin magana sai ya ɓace, saƙonka ya tsaya da alamar kaska ɗaya har bayan la'asar. Da ya dawo kuma sai ka ga ya yi maka magana da wata lamba mai farawa da +229. Kada ka ce damfara ce. Mutumin na nan inda ka bar shi, sabis ne ya ƙaura ya bar shi.

Ƙaramar hukumar Bagudo a jihar Kebbi ta jingina da Jamhuriyar Benin. Daga Tsamiya hanya ta miƙe zuwa Segbana, daga Lolo kuma mutum ya nufi Malanbil, babbar kasuwar arewacin Benin da ke bakin Kogin Kwara. Aure, kasuwa, gona da kiwo sun haɗa mutanen ɓangarorin biyu tun kafin Turawan Ingila da na Faransa su ja layi a tsakani. Yanzu waya ta zo ta tarar da wannan zumunci, ita ma ta bi sahu. Shi ya sa a wannan yanki waya mai sim biyu ba gayu ba ce. Rami ɗaya na Najeriya, ɗaya na Benin.

Abin da ya sa na ɗauko maganar nan shi ne abin da ya faru da 'yar baffana lokacin rajistar JAMB. Duk wanda ya yi rajistar a 'yan shekarun nan ya san matakin farko: ka tura lambar NIN ɗinka ta saƙon tes zuwa 55019 ko 66019, a aiko maka da lambar da za ka je da ita wurin rajista. Yarinyar nan ta tura tun safe, shiru. Ta sake turawa, shiru. Kwana biyu tana cikin wannan hali. Da yamma ta kira ni da wayar maƙwabta, murya na rawa.

"Yaya, ni kam na gaji. Kowa ya samu tashi, ni kaɗai ce ban samu ba."

"To tsaya. Duba saman wayar, me aka rubuta kusa da sandunan sabis?"

"Wani ɗan harafi ne, R."

Shi ke nan, ciwon ya bayyana. Wayarta ta tsallaka Benin ita kuwa tana zaune a tsakar gidansu a Najeriya.

Ga yadda abin yake. Ƙarfen sabis ba ya sanin inda boda take. Yana watsa ƙarfinsa ne iya inda ya kai, ko da kuwa ya ƙetare zuwa wata ƙasa. Ita kuma waya, idan an bar ta a kan zaɓin kai tsaye, da ta rasa sabis na gida sai ta kama duk wanda ta samu da ke da yarjejeniya da kamfaninka. Daga wannan lokacin kai baƙo ne a wurinsu. Kira ya koma farashin wanda ya fita waje, data ma haka, kuma gajerun lambobi irin na cikin gida sau da yawa ba sa tafiya. Mutane da dama na ruɗewa saboda akwai MTN a ƙasashen biyu. Uwa ɗaya ce a Afirka ta Kudu, amma kowace ƙasa da kamfaninta da lasisinta da farashinta. A Benin, ban da MTN, akwai Moov Africa da kuma Celtiis na gwamnati wanda ya fara aiki a 2022. Glo ma ya taɓa aiki a can kafin ya bar ƙasar a ƙarshen 2017.

Maganin bai kai ciwon wahala ba. Ka shiga saitin waya, wurin zaɓen netwok, ka cire shi daga na kai tsaye ka zaɓi kamfaninka da hannunka, sannan ka kashe datar yawo. Illarsa ɗaya: idan sabis na gida ya ɗauke, wayar za ta zauna babu komai. Amma gara ka san ba ka da sabis da ka wayi gari katinka ya tafi ba ka kira kowa ba.

A da, samun sabis ɗin Benin wani ɗan gata ne. A 2019 jaka ɗaya ta sefa ba ta kai naira dubu ba. Bayan an saki naira a watan Yunin 2023 ta yi ta gangarawa, ita kuwa sefa tana ɗaure da yuro ba ta motsa ba, sai ga jaka ɗaya ta haura naira dubu biyu. Wato ko da kamfanonin Benin ba su ƙara ko dala ba, ɗan Najeriya da ke sayen datarsu ya ga ta ninka. Sai kuma a watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin gida su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Ɗalibin da ke bakin boda ya sha ta gaba ya sha ta baya. Don haka za ka ga an koma tsimi: a sauke bidiyon darasi sau ɗaya a wayar mutum ɗaya, sauran su kwasa ta Xender a gindin bishiya. Mai shagon caji da sola kuwa ya zama kamar ɗakin karatu, don a nan ake haɗuwa, a nan ake jin wa ya samu tambayoyin shekarun baya.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan aka tuna cewa tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba zai zauna jarrabawa ɗaya da ɗan Abuja, a ba su lokaci ɗaya. Wayar hannu ita ce kusan kawai inda zai gwada amsa tambaya a kan allo kafin ranar. Idan ya ci ya tafi Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko ta Aliero ko Kwalejin Waziri Umaru, nan ma rajista da sanarwar aji duk a waya suke. Hutu ya yi ya dawo ƙauye, sai ya zama shi ne na ƙarshe da ke jin an ɗage ranar komawa.

Mu kuma faɗi gaskiya, ba duka datar ke tafiya a karatu ba. Wanda ke kukan ba shi da megabait ɗari na sauke littafi, shi ne za ka gani ƙarfe ɗayan dare yana kallon rigimar 'yan TikTok. Ni ma ban cire kaina ba.

Wani abin da zaman boda ke koya wa mutum shi ne sabis na hannun masu mulki. A watan Satumban 2018 gwamnatin Benin ta sa harajin sefa 5 a kan kowane megabait na shiga Facebook da WhatsApp da makamantansu. Matasan ƙasar suka tayar da ƙura, cikin 'yan kwanaki aka janye. Ranar zaɓen 'yan majalisa na 28 ga Afrilun 2019 kuma aka katse musu intanet. Mu ma a nan mun ga namu: an rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, an kuma kashe sabis gaba ɗaya a Zamfara a Satumban 2021. Ko dokar hana kai mai gidajen man da ke tsakanin kilomita 20 da boda, wadda kwastan suka kafa a Nuwamban 2019, sai da kamfanonin sadarwa suka koka a kanta, domin da dizal turakunsu ke aiki. Ranar da babu ruwan kowa da boda ita ce 14 ga Maris 2024, da manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke. Ranar kam ko ka juya sim ɗin Najeriya ko na Benin, tafiyar hawainiya ce.

Akwai kuma inda lambar waje ke zama tarko. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samu digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin makonni shida ba tare da ya zauna aji ba. A Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. Duk da haka, tallar "samu gurbi cikin sauƙi" ba ta daina yawo a guruf ba. Haka tallar aiki a ƙasar waje. A can bakin iyakar Tailan da Miyanma, gidajen damfarar intanet sun cika da matasan da aka yaudara da irin wannan talla, har da 'yan Afirka, har sai da Tailan ta yanke wa wasu garuruwan tsallaken wutar lantarki a Fabrairun 2025. Wanda ya saba ganin +229 a wayarsa kullum ba zai yi saurin zargi ba, kuma masu wannan sana'a sun san haka.

Wani ɗan ƙarin bayani ga masu 'yan uwa a tsallake: tun 30 ga Nuwamban 2024 lambobin Benin suka koma guda goma, an ƙara 01 a gaba. Idan kana ta kiran gwaggonka ta Malanbil ba ya shiga, ba fushi ta yi da kai ba, ka gyara lambar.

Ita dai 'yar baffan nawa, washegari ƙanenta ya goya ta a babur suka matsa ta wajen Ka'oje har R ɗin nan ta ɓace. Ta sa kati, ta sake turawa, kafin su juya babur saƙo ya shigo. Na ce mata ta riƙe layin nan da kyau, domin da shi za ta duba sakamako, kuma ba a yin rajistar mutum biyu da layi ɗaya. Ta ce, "Yaya, ai na cire shi daga wayar ma." Yanzu yana ƙulle a cikin leda, a ƙasan akwatin Inna, tare da takardar haihuwarta.