Niro Ya Kashe Uwarsa Bai Faɗi Ba: Me Ya Kawar da Shi Daga Gadon Sarautar Rum?

Idan aka ce maka wani sarki ya sa an kashe mahaifiyarsa, sannan ya sa an kashe matarsa, za ka ɗauka ai nan mulkinsa ya ƙare. To, Niro, sarkin daular Rum, ya aikata duka biyun, kuma majalisar dattawan Rum har addu'o'in godiya ta sa aka yi. Ya kashe uwar tasa a shekarar 59 miladiyya, bai faɗi ba sai a 68. Me ya riƙe shi har shekara tara, kuma me ya sake shi daga baya?

Mu fara da yadda ya hau. Uwarsa Agiripina ta auri Sarki Kalaudiyas, ta sa ya ɗauki Niro a matsayin ɗa, alhali yana da nasa ɗan na cikinsa. Kalaudiyas ya mutu a watan Oktoba na 54, tsofaffin marubuta suka ce guba aka sa masa a abinci. Niro ya hau yana ɗan shekara 16. Shekarun farko sun yi kyau, domin malaminsa Seneka da shugaban dogaran fada Burus ne ke jan ragama. Amma yaro ya girma, uwa kuma ba ta son sakin linzami. Sai ya sa aka ƙera mata jirgin ruwa da zai wargaje a tsakiyar teku. Jirgin ya lalace, ita kuwa ta yi iyo ta fita. Daren nan ya tura mata mutane da takubba har gida.

Me ya sa ba wanda ya motsa? Sarautar Rum a lokacin ƙafa uku gare ta kamar murhu: dogaran fada da ke cikin birni, rundunonin da ke bakin iyaka, da talakawan birnin da ake raba wa hatsi ana shirya musu wasanni. Muddin albashi na fita, hatsi na isowa daga Masar, kisan da ake yi a fada rigimar cikin gida ce a wurinsu.

Sai gobarar watan Yuli na 64. Ta tashi daga shagunan da ke kusa da babban filin tseren keken doki, ta yi kwana shida tana ci, ta lafa, ta sake tashi. Cikin unguwanni 14 na birnin, uku sun ƙone ƙurmus, bakwai sun lalace sosai, huɗu kawai suka tsira. Wataƙila ka taɓa jin wai Niro na can yana goge Rum na ci da wuta. Ba a ma ƙirƙiri irin wannan abin kiɗa ba a zamanin, kuma shi yana garin Antiyum lokacin da wutar ta tashi. Ya dawo, ya buɗe lambunansa ga waɗanda suka rasa matsuguni, ya rage farashin hatsi. Duk da haka jita-jita ta bazu cewa shi ya sa wutar, shi kuma ya ɗora laifin a kan Kiristocin birnin, aka yi musu kisan wulaƙanci.

Abin da ya ƙara wa jita-jitar ƙarfi shi ne abin da ya gina a kan tokar: katafariyar fada da ake kira Gidan Zinariya, da tafki a tsakiyar birni, da gunkinsa na tagulla mai tsawon fiye da mita 30. Sake gina birni da irin wannan fada kuɗi suke ci, ba kaɗan ba.

A nan kimiyya ke da abin cewa. Kuɗin da ake biyan soja da shi sulallan azurfa ne mai suna denariyus, wanda daga sunansa kalmar dinari ta fito. Kafin 64, daga awon Rumawa ɗaya na azurfa, wato kimanin giram 327, ana buga sulalla 84. Niro ya mayar da shi 96, kowane sulalla ya ragu daga wajen giram 3.9 zuwa 3.4. Wannan kowa zai iya ganewa da sikeli. Abin da ido ba ya gani shi ne abin da ke ciki.

An daɗe ana auna waɗannan sulalla da na'urar da ke haska samansu kawai, sakamakon na nuna azurfa sama da kashi 90 cikin ɗari. Daga baya wasu masu bincike biyu a Ingila, Kevin Butcher da Matthew Ponting, suka riƙa huda gefen sulallan da siririn abin huji suna ciro ƙarfen tsakiya. Sai ga shi azurfar wajen kashi 80 ce, sauran jan ƙarfe. Dalilin bambancin mai sauƙi ne. Idan ka gasa gaurayen azurfa da jan ƙarfe, jan ƙarfen da ke sama shi ke fara yin tsatsa. Ka tsoma shi cikin ruwa mai tsami, tsatsar ta narke, sai ya rage fatar azurfa kusan zalla a waje. Haka sulallan ke ƙyalli kamar na da. Ka ga dabarar da ta ruɗi sojan Rum ta sake ruɗar na'urar zamani bayan kusan shekara dubu biyu. Wasu masana na ganin gyaran na da wata manufa, ta daidaita kuɗin Rum da na yankunan gabas. Ko da hakan ne, a ganina lokacin da aka zaɓa ya isa shaida: shekarar gobara ce.

Rage azurfa bai wadatar ba. Aka matsa wa larduna da haraji, aka kwashe dukiyar wuraren bauta, aka shiga ƙwace kadarorin attajirai. A 65 aka bankaɗo wani shirin kashe shi, sai zargi ya hau kowa, har Seneka aka umarta ya kashe kansa. A 67 kuma ya yi kuskuren da ya fi kowanne tsada: ya kira Korbulo, janar ɗin da ya fi kowa suna a daular, ya umarce shi da ya kashe kansa. Duk wani gwamna mai runduna ya fahimci saƙon, biyayya ba ta tsare wuya. Shi kuwa sarki yana ƙasar Girka yana gasar waƙa da tsere. A wasannin Olamfik ya faɗo daga keken da dawaki goma ke ja, bai ƙarasa tseren ba, aka ce shi ya ci.

A watan Maris na 68, Bindeks, gwamnan wani lardi a inda Faransa take yau, ya yi tawaye, Galba gwamna a Sifaniya ya mara masa baya. Abin mamaki, an murƙushe Bindeks a fagen yaƙi cikin wata biyu. Ba a ci Niro da yaƙi ba. Abin da ya gama da shi ya faru ne a cikin birni: ɗaya daga cikin shugabannin dogarai, Nimfidiyus, ya yi wa kowane dogari alƙawarin kuɗin da ya ninka albashinsa na shekara sau da yawa, da sunan Galba. Niro ya farka cikin dare ya tarar masu gadi sun watse. Majalisar da ta shekara 14 tana yi masa fadanci ta ayyana shi maƙiyin ƙasa. Ya gudu zuwa gidan wani 'yantaccen bawansa a bayan gari, ranar 9 ga Yuni ya soka wa kansa wuƙa a maƙogwaro, sakatarensa ya taimaka masa. Shekararsa 30.

Ka riƙe abu ɗaya idan kana karanta labarinsa: manyan marubutan uku da muke dogaro da su, Tasitus da Suwetoniyus da Kasiyus Diyo, duk bayan mutuwarsa suka yi rubutu, kuma daga ɓangaren manyan da ya gallaza wa suka fito. Talakawa kuwa sun daɗe suna kai furanni kabarinsa, har wasu mutane suka riƙa ɓullowa a gabas suna cewa su ne Niro, suna samun mabiya.

Galba ya shigo Rum ya ƙi biyan dogarai kuɗin da aka yi musu alƙawari da sunansa. A watan Janairu na 69 suka sare shi a tsakiyar dandalin birni, bayan wata bakwai kacal a kan mulki.