Keken Baba ya samu inji, saura zancen batir

Wata Asabar da hantsi muka bar kantin magani a hannun yara muka nufi wurin wani mai gyaran keke a Aboabo. Wani dattijon unguwarmu ne ya kira mu, tela, wanda ya daɗe yana sayen maganin ciwon gwiwa a wajenmu. Ɗansa da ke Amurka ya aiko masa da kwali, takardar da ke ciki kuma Turanci ce zalla. Ya ce, "'Ya'yana, ku da kuka saba da ƙananan rubutun magani, ku zo ku karanta mini wannan."

A cikin kwalin akwai ƙafar gaba mai inji a cibiyarta, da batir da cajarsa, da ɗan akwatin da ke raba wuta, da wani faifai da ake ɗaurawa a gindin feda don inji ya san an fara tuƙi. Kafin azahar tsohon keken Phoenix na Baba ya zama mai lantarki. Haɗawar ba wuya. Inda muka tsaya kai da fata shi ne birki. Injin wat 250 yana kai mutum kilomita 25 a awa, ga nauyin da ya ƙaru, alhali birkin ƙarfe na da ba ya kamawa sosai in an yi ruwa. Sai da aka sake robar birkin, aka kuma sa ɗan ƙarfen da ke hana gatarin injin juyewa ya ɓalle daga mazauninsa.

Mun yi murna da wannan keke. Shan diclofenac kullum yana cin ciki, yana taɓa ƙoda, yana ɗaga hawan jini, kuma mun gaji da faɗa. Tuƙa keke na motsa gwiwa ba tare da ɗora mata nauyin jiki ba, in an zo hawa kuma inji ya karɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya na son babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, kuma zuwa kasuwa da dawowa yana cikin lissafi. Amma fa sai ana taka feda. Wanda ya murɗa maƙura ya miƙe ƙafa, babur yake hawa. Mai shan maganin sukari ya ci abinci kafin ya fita, wanda ya sha Piriton ko tramadol kuwa ya bar keken a gida.

Batir ne ke hana mu barci. A birnin New York, wutar irin waɗannan batura ta kashe mutum 18 a 2023 kaɗai. A Landan, tun ƙarshen Maris na 2025 aka hana shiga jiragen ƙasan birnin da keken lantarki in ba mai naɗewa ba ne, kuma kekunan da aka haɗa a gida ne aka fi jin tsoro. To, su ke nan masu faffaɗan titi. Ku tuna ɗakunanmu: ƙofa ɗaya, taga da ƙarfen ɓarayi, katifa da labule, yara huɗu a tabarma, kuma layin da motar kashe gobara ba ta shiga. Batirin da ya kama yana tashi cikin daƙiƙoƙi, hayaƙinsa guba ne, bokitin ruwa ba ya kashe shi.

Caja kamar awon magani ce, kowane batir da tasa. Batir mai 36V cajarsa 42V ce, mai 48V kuma 54.6V. Bakin caja ya shiga ba yana nufin ta dace ba, don haka kada a ara ta maƙwabci. Mun kuma ga batura masu araha da aka harhaɗa da ƙwayoyin tsofaffin kwamfutoci aka naɗe da salatif, wasu ma babu allon da ke yanke wuta in sun cika. In za a yi tsimi, a yi shi a kan fenti da fitila. Batirin da ya faɗi ya lotse, ko ya kumbura, ko yana wari, ko zafinsa ya fi ƙarfin tafin hannu, a fitar da shi fili nesa da ɗaki.

Kada a yi caji da dare, kada a yi a bakin ƙofa. In an ɗauke wuta a zare caja, don ba a san lokacin da za ta dawo ba, ko da wane ƙarfi. In ta kama, kowa ya fita, a ja ƙofa, a kira 192 ko 112. Ƙuna kuwa, a zuba mata ruwa mai sanyi na minti 20, ban da man goge baki, ban da ƙwai ko manja, sannan asibiti.

Shi Baba yanzu a rumfar tsakar gida yake caji, a kan siminti, daga azahar zuwa magariba, jikansa ne ke zare waya da an kira salla. Hular kwano ce har yau muke ja da shi. Ya ce ba ta zama a kan hularsa ta Juma'a.