Magani da Jinya a Fasahar Zane ta Zamani

Sau da yawa akan ɗauka cewa babu abin da ya haɗa ilimin magani da fasahar zane, watau likita na asibiti, mai zane kuwa yana ɗakin aikinsa. Amma idan aka dubi al'adun Hausawa da idon basira, za a ga cewa tun asali ba su rabu ba.

Alal misali, malamin da ke yin rubutun sha yakan zana hatimi a kan allo, ya tsara gidajensa daidai, sa'an nan a wanke a ba majinyaci ya sha. Haka kuma wanzami, wanda ke yin ƙaho da cire belu, shi ne ke yi wa jariri zanen gado a fuska. A nan hannu ɗaya ne ke warkarwa, shi ne kuma ke ƙawatawa.

A shekarar 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, cikinsu har da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Manufarsu ita ce a gwama dabarun zamani da abin da aka gada. Hatimi da allo suna daga cikin irin gadon da wannan manufa ta buɗe wa ƙofa.

Misali mafi bayyana shi ne na Ibrahim El-Salahi, mutumin Sudan, ɗan malamin allo, wanda aka haifa a Omdurman a 1930. Da tsufa ya zo masa da ciwon baya mai tsanani, har tsayuwa gaban babban zane ta gagare shi, sai ya koma yin ƙananan zane-zane a kan kwalayen magungunan da yake sha. Ya bayyana cewa idan hankalinsa ya tattaru a kan zanen, zafin yakan lafa. An nuna waɗannan ayyuka a birnin New York a 2022.

Abin lura a nan shi ne, irin wannan kwali ne ake jefarwa kullum a bakin kantunan magani, daga unguwar Television ta Kaduna har zuwa Sabon Garin Kano. Saboda haka ɗalibin zane ba ya bukatar ƙetare teku kafin ya sami abin zanawa. Tabarmar mai jinya a ƙofar asibiti, da kwanon kokon da aka kawo wa maras lafiya, sun ishe shi darasi, muddin ya kiyaye sirrin majinyaci da mutuncinsa.