Haɗin Kemis da Ƙodar Dattawanmu

Ranar kasuwa a Bukkuyum ko Nasarawar Burkullu, ba ka rasa ganin dattijo tsaye gaban mai tallan magani yana cewa gwiwa ta hana shi ruku'u. Sai a ƙulla masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a 'yar leda, wai haɗi. Ba mai tambayarsa ko yana da hawan jini ko ciwon suga, shi ma bai ga dalilin faɗa ba, tunda a wurinsa ciwon gwiwa daban, hawan jini daban.

Wannan tunani ne ya ishe ni. Cutar uku ce, amma jikin ɗaya ne, kuma ƙodar nan dai ita ke tace duk abin da aka haɗiya. Sau da yawa a cikin haɗin akwai diclofenac ko ibuprofen, waɗanda ke ɗaga jini, su rage ƙarfin maganin da asibiti ya bayar, su gajiyar da ƙoda, su jawo gyambon ciki. Wani lokaci har da dexamethasone. Ita ce ke sa Baba ya miƙe garau ya ci tuwo malmala biyu, gida ya yi ta murna, alhali suga na can yana hauhawa. In ƙafa ta kumbura sai a ce tsufa ne, wasu ma su ce sammu. Haba jama'a!

Mu a nan muna da ƙarin dalilin taka-tsantsan. Gubar dalmar da ta ɓulla a 2010 a Yargalma, da Dareta da Bagega na ƙasar Anka, ta kashe yara aƙalla 400. Hankalin likitocin ƙungiyar MSF ya fi karkata ga ƙananan yara, kuma daidai ne, amma manyan da suka daka dutsen zinariya a tsakar gida su ma ƙurar dalmar suka shaƙa. Dalma kuwa tana ɗaga jini, tana cin ƙoda a hankali. Magidantan wancan lokaci su ne dattawan yau.

Talauci da rashin tsaro a hanya ma suna hana zuwa asibiti, wannan kowa ya sani.

To, duk da haka, ɗa ko jika ya tattara duk abin da Inna ke sha, na asibiti da na kemis da jiƙo, a leda ɗaya, ya kai wa malamin asibiti guda, a riƙa komawa wurinsa kowane wata. A sayi ƙaramin littafi ana rubuta awon jini da na suga da kwanan wata. In awon jini ya yi ta wuce 140/90, a yi magana. Kada a ajiye maganin hawan jini don kai ya daina ciwo. Ga gwiwa, farasitamol ya fi sauƙin illa. Mai ciwon suga ya tambayi yadda zai sha maganinsa tun kafin watan azumi ya kama. Malamin asibiti kuma, kafin ya ɗauki biro, ya fara cewa: "Baba, me da me kake sha a gida?"