Dandali Ne Makarantar Mawaƙi a Ƙauyukan Tasawa da Mayahi

Daga watan Oktoba, idan an gama yankan gero an kai damma rumbu, ƙauyukan gundumomin Tasawa da Mayahi a jihar Maraɗi sukan sami 'yan makonni na sararawa kafin samari su saɓi jaka su tafi cirani. A wannan tsakanin ne dandali yake cika bayan sallar isha'i, musamman idan da farin wata. 'Yan mata su ja da'ira suna gaɗa, mai kalangu ya rakuɓe gefe yana gwada sauti, masu tallar gujiya da ƙosai su jera fitilun batir. Ba a sayar da tikiti, ba a rubuta sunan kowa. Duk wanda ya ji yana da waƙa a bakinsa sai ya shigo tsakiya. A biranen Amurka da Ingila ana ware dare guda a gidajen shan kofi domin sababbin mawaƙa su gwada kansu a gaban jama'a, amma Bahaushen karkara ya daɗe da nasa. Ra'ayina shi ne wannan fili ne yake yin mawaƙi, kuma har yanzu ba a ƙirƙiro abin da zai maye gurbinsa ba.

Dalili na farko shi ne amshi. Waƙar dandali ba ta tsayuwa da mutum ɗaya. Sai an karɓa. Saurayin da ya kwana uku yana shirya baituka a gona zai san matsayinsa tun kafin ya kai tsakiyar waƙar. Idan amshin ya zauna a baki, tafi zai ƙaru, makaɗi ya ɗaga hannu, yara su kama. Idan ya yi tsawo ko ya yi nauyi, sai tafi ya yi sanyi, a fara zamewa ɗaya bayan ɗaya zuwa wurin mai shayi. Ba wanda zai zage shi, ba kuma wanda zai yi masa kara. Ga shi masu sauraron sun san abin da yake magana a kai. In ya wasa manomi ya ce ya ɗaure dami ɗari, akwai wanda ya taya shi ɗauka ya san adadin. In habaici ya yi, dole ya faɗa kan mai shi ba tare da an ambaci suna ba, kuma wannan gwaninta ce da ba a koyonta sai a gaban waɗanda suka san labarin. Hatta liƙi ma'auni ne: dala ashirin ko dala hamsin takan fito ne daidai kan baitin da ya ratsa mutum, jika kuwa sai an yi abin a zo a gani. Washegari mawaƙin ya san wane baiti zai riƙe, wane zai zubar.

Tarihin ƙasar Nijar ma ya nuna haka. Zamanin mulkin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, an farfaɗo da samariya, kowane gari da sarkin samarinsa, ana tace masu waƙa da rawa tun daga ƙauye har zuwa bikin matasa na ƙasa. Gaskiya ne gwamnati ta yi amfani da samariya wajen yabon kanta, kuma waƙoƙi da yawa na wancan lokaci umarni ne aka sa wa kiɗa. Duk da haka tsanin ya yi aiki, domin matakinsa na farko dandali ne. Gasar waƙa ta Ɗan Gurmu a Tawa ta tarar da mutanen da suka riga suka saba da idon jama'a. Marigayi Sa'adu Bori na Maraɗi, wanda ya rasu a 2008, da kiɗan da jama'arsa suka tashi da shi ya shiga kayan zamani, shi ya sa aka karɓe shi.

Za a ce zamani ya wuce nan. Yau yaro yana iya tara kuɗin cirani ya shiga situdiyo a Maraɗi ko Kano, a ɗora masa fiyano, a gyara masa murya, waƙar ta bi wayoyi daga wannan fadar samari zuwa waccan. Haka ne, kuma ba laifi ba ne. Sai dai na'ura murya take gyarawa, ba ta gaya wa mutum cewa baitinsa na uku ba shi da ma'ana. Mai situdiyo an biya shi, ba zai kushe ba. Waya tana yaɗa waƙar da ta nuna, tana kuma yaɗa ɗanya, kuma yawancin ɗanyun mako biyu ne a goge su.

Ƙorafin malamai da iyaye ya fi wannan nauyi: cakuɗuwar maza da mata da dare, da zargin cewa waƙa roƙo ce kawai. Jihar Maraɗi ta san zafin wannan muhawara tun tarzomar Nuwamban 2000 kan bikin nuna tufafi na FIMA. Amma a duba inda ɓarnar take. Dandali fili ne a tsakiyar gari, ƙanin yarinya yana wurin, gwaggonta tana jiyo kiɗan daga tsakar gida, mai gari yana iya aikowa a tashi. Idan aka rufe shi, sauraron waƙa ba ya ƙarewa. Komawa yake cikin waya, inda babu babba ko ɗaya. Batun roƙo kuwa, wanda ya ƙirƙiri waƙa ya tsaya ya rera ta aiki ya yi, kuma ba a tilasta wa kowa liƙi.

Abin da ake buƙata bai kai kuɗin gina ɗaki ɗaya ba. Masu gari su tsayar da dare sananne da lokacin tashi, su wakilta dattijon da zai zauna. Gidajen rediyon al'umma kuma su riƙa aika mai ɗaukar murya zuwa ƙauyuka irin na Kanambakashe da Korgom da Maijirgi a lokacin kaka, su sa waƙar da dandali ya karɓa tare da sunan mai ita da garinsu, kafin samarin su watse cirani.