Ɗorawa Tana Tsufa A Kudancin Kaduna: Wa Zai Shuka Kalwa?

Duk wanda ya bi hanyar Kafanchan zuwa Kwoi, ko kuwa ta Zonkwa zuwa Kachia, a cikin watan Fabrairu, ba zai rasa ganin itatuwan ɗorawa tsaye a tsakiyar gonaki ba, jajayen furanninsu suna reto kamar tuntun hula. Abin gwanin ban sha'awa. Amma in mutum ya tsaya ya duba da kyau, sai ya ga galibinsu tsofaffi ne, waɗansu har sun fara rarakewa. To, ina na baya da za su gaje su?

Gaskiyar magana ita ce, iyayenmu ba su cika shuka ɗorawa ba. Tsirowa take yi da kanta a saura, manomi ya zo sharar gona ya gan ta, ya kewaye ta ya bar ta. Yau kuwa saura ta yi wuya, ana nome gona kowace shekara, wutar daji da awaki suna cinye ɗan abin da ya tsiro, ga kuma masu gawayi sun tasa manyan a gaba. Wanda zai fara jin zafin wannan al'amari kuwa ita ce macen ƙauye, wadda daddawa ce jarinta. Balle ma abin da ya faru a 2023, lokacin da cuta ta faɗa wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko, ya isa ya nuna wa kowa haɗarin dogara ga amfani ɗaya.

Mutane da yawa sun gwada binne kalwa a bayan gida, suka jira har suka gaji, suka ce ai ɗorawa ba ta shukuwa. Ba haka ba ne. Ɓawon kalwa ne ke da tauri ƙwarai, ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi, watau ƙwayar barci take yi, sai an tashe ta. Ba ita kaɗai ke da wannan hali ba. Turawan Ingila suna da wani ɗan fure mai launin ruwan ɗorawa, wanda masana tsirrai ke kira Primula veris. Shi irinsa ba ya tsirowa sai ya sha sanyin hunturu, saboda haka sukan shuka shi da kaka, su bar shi a waje cikin jaura har bazara. Nasu sanyi ke tashe shi, tamu kuwa sai an raunana ɓawon.

Ga yadda ake yi. A nemi kalwa daga itacen da aka san yana zuba 'ya'ya da yawa, a lokacin da ta nuna, wajen watan Afrilu. A wanke garin, a zuba ƙwayoyin cikin ruwa, waɗanda suka taso sama a zubar, gama yawanci ƙwari sun riga sun ɓata su. Sa'an nan a tafasa ruwa, a sauke shi daga wuta, a zuba kalwar a ciki, a bar ta ta kwana ruwan yana hucewa. A lura fa, ba dafawa aka ce ba. Kalwar da aka dafa don daddawa ta mutu. Wanda ƙwayoyinsa ba su da yawa, gara ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ɗan goga gefen ɓawon a kan dutse, ya jiƙa su a ruwan sanyi. A ganina wannan ya fi tabbas, ko da yake yana cin lokaci.

Washegari sai a binne waɗanda suka kumbura, bibbiyu a cikin leda mai tsawo da aka cika da ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a aje a inuwa ana bayi. Tsawon ledar ba don ado ba ne: ɗorawa takan fara tura saiwa can ƙasa tun ganyenta bai kai ko'ina ba, in kuwa saiwar nan ta nannaɗe a gindin leda, itacen ba zai yi ƙwari ba. Don haka kada a bar dashe ya wuce wata uku. Ƙasar Jama'a Allah ya hore mata ruwa, damina takan kai watan Oktoba, saboda haka wanda ya dasa a Yuli, shukarsa za ta kafu kafin hunturu.

Sauran aiki shi ne tsaro. A kewaye ta da ƙaya saboda awaki, a share ciyawar da ke gindinta kafin a fara cinna wa daji wuta, shekara uku na fari. Ta kan ɗauki shekara biyar zuwa goma kafin ta fara 'ya'ya, kuma da yake rassanta suna bazuwa nesa, sai a ba ta tazara mai yawa, ko a jera ta a kan iyakar gona inda inuwarta ba za ta danne dawa ba.