Babi na Tara: Ina Saiwar Haƙoran Nono Take Tafiya?

Duk wanda ya taɓa ɗora haƙorin yaro mai famfara a tafin hannunsa ya san kamanninsa: ɗan guntu fari, ƙasansa a rarake, babu saiwa ko kaɗan. Daga nan mutane suka yanke hukunci wai haƙoran nono ba su da saiwa, a kan dasashi kawai suke zaune, shi ya sa suke zubewa. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma abin haushi har masu ilimi suna maimaita ta. Kowanne daga cikin haƙoran nono 20 yana da saiwa cikakkiya, a kafe cikin ƙashin muƙamuƙi, turamen ma biyu ko uku gare su. In ba haka ba, da me yaro ɗan shekara 4 yake shan rake? Saiwar tana nan tun farko. Jikin yaron ne ya cinye ta.

A cikin jikin mutum akwai wasu manyan ƙwayoyin halitta waɗanda ba su da aiki sai rushe ƙashi. Sukan manne a jikinsa, su zuba masa sinadari mai tsami ya narkar da ma'adinin, su narke sauran, jini ya kwashe, wasu ƙwayoyin kuma su biyo baya suna sabon gini. Haka ƙashin kowa yake sabuntuwa har ya mutu. To 'yan'uwan waɗannan ne ake turawa kan haƙoran nono. Idan yaro ya doshi shekara 6, haƙorin girma da ke kwance a ƙasa ya fara yunƙurin fitowa, sai su kama cin saiwar da ta tare masa hanya, tun daga gefen da ya fi kusa da shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne ladabin aikin. Babu mugunya, babu ciwon kirki, jinin ma ɗan kaɗan ne. Kuma ba a tashi ɗaya ake yin sa ba: a ci, a huta, har a ɗan yi gyara, sannan a koma. Wannan ne dalilin da ya sa haƙorin yaro zai yi girgiɗi wannan mako, mako mai zuwa uwa ta taɓa ta ji ya kafu, ta ɗauka ya fasa fita. Haka za a yi ta yi, haƙori bayan haƙori, har wajen shekara 12. Inda kuwa aka yi rashin sa'a babu haƙorin girma a ƙasa, na nonon yakan daɗe ƙwarai, har a ga magidanci da 'ya'yansa yana tauna da turmin yarintarsa.

Giwa ta fi mu cin moriyar wannan hikima. Turamenta ba daga ƙasa suke tsirowa ba, daga baya suke turowa gaba, guda 6 a kowane ɓangaren muƙamuƙi tsawon rayuwarta. Na gaba yana sudewa, saiwarsa tana narkewa, ya gutsuttsure ya zube, na baya ya maye gurbinsa. Idan na shidan ya ƙare, wajen shekara 60, tauna ta gagara, yunwa ta ƙarasa ta.

Tun da ƙashin babba kullum cikin rushewa da gini yake, me ya hana a cinye saiwar haƙoransa 32? Wata 'yar shimfiɗa ce mai rai, siririya ƙwarai, da ta lulluɓe saiwar tare da zaruruwan da suka ɗaure ta da ƙashi. Muddin tana lafiya, masu rushewar ba sa samun wurin kamawa. Da zarar ta sami rauni, sai su far wa saiwar kamar yadda gara ke cin azara, waje lafiya lau, ciki ya tafi. Masu jawo raunin sanannu ne: duka ko faɗuwa, ruɓar jijiyar haƙori, matsin wani haƙori da ya maƙale cikin ƙashi, ƙari, da wayar daidaita haƙora, wadda takan ɗan gajarta saiwa, galibi ba yadda zai cutar ba. Wani lokaci cin daga cikin haƙorin yake farawa, har naman da ke ciki ya nuno ta bango, haƙori ya yi ja-ja. Likitan Ingila John Howard Mummery ya bayyana wannan a 1920, har yau da sunansa ake kiran irin wannan haƙori. Yawanci babu zafi, sai a hoton asibiti ake ganewa. Kyanwa ma tana fama da shi sosai idan ta manyanta.

Kada mai karatu ya haɗa wannan da kogon haƙori. Kogo aikin ƙwayoyin cuta ne da ke cin sukarin da ya saura a baki su fitar da tsami. Kada kuma a kawo mini zancen tsutsa. Tun zamanin Babila ake wannan tatsuniya, Bafaranshe Pierre Fauchard ya yi watsi da ita a littafinsa na 1728, amma har gobe za ka ga mai magani a kasuwa ya turara wa mutum hayaƙi, ya nuna masa tsutsa a ruwa, jama'a suna salati. Babu tsutsa a haƙori. In ka ga tsutsa, da abarsa ya zo.

Labarin da na fi so a wannan fage na John Hunter ne, likitan fiɗa ɗan Sukotilan da ya zauna a Landan, wanda ya wallafa littafi kan haƙoran ɗan Adam a 1771. Hunter ya ɗauki haƙorin mutum da aka cire ɗanye, ya tsaga tukkun zakara ya dasa shi a ciki. Haƙorin ya kama. Tukkun da haƙorinsa suna ajiye a gidan tarihin da ke ɗauke da sunansa a Landan. Ganin haka ya ƙarfafa wata sana'a marar daɗin ji: attajiri mai ruɓaɓɓen haƙori ya zauna a kujera, a kawo talaka, sau da yawa yaro, a ba shi 'yan kuɗi a fizge nasa mai lafiya, a cusa a bakin attajirin nan take. Haƙorin yakan kafu, mai kuɗi ya yi ta murmushi na ɗan lokaci. Daga baya jikinsa ya cinye saiwar baƙon, haƙori ya faɗo. Wasu har tunjere suka kwasa ta wannan hanya. Talaka ya tafi da giɓi, attajiri ya koma giɓinsa.

Amfanin duk wannan bayani yana fitowa ranar da yaro ya faɗo daga keke ko aka buge shi a filin ƙwallo, haƙorin girma ya fito ɗungurungum. Binciken da Jens Andreasen ya shafe shekaru yana yi a Kofanhegan ya nuna cewa makomar haƙorin tana rataye ne a kan shimfiɗar nan mai rai. In ta bushe fiye da awa ɗaya, ƙwayoyinta sun mutu. Ko an mayar da haƙorin, ƙashi zai manne da saiwar ya riƙa cinye ta yana maye gurbinta, a jikin yaro ma ya fi sauri, har wata rana kan haƙorin ya ɓalle.

Saboda haka a kama haƙorin ta kansa, kada a taɓa saiwar. Kada a kankare shi, kada a sa masa sabulu, kada a naɗe shi a takarda ko tsumma. In ya yi datti a ɗauraye shi kaɗan da madara, a mayar da shi raminsa, yaro ya ciji ƙyalle mai tsabta. In hakan ya gagara, a tsoma shi a madara ko a yawun mai shi. Haƙorin nono ne kaɗai ba a mayarwa, don kada a lahanta na ƙasa. Sannan a nufi likitan haƙori a wannan sa'ar, kada a ce sai gobe.